Shafi Ya Ƙi Buɗewa: Me Ke Cinye Ƙarfin Sabar Shafukanmu Na Intanet?

Daren 29 ga Ramadan, bayan an sha ruwa, kowa na riƙe da waya yana jiran sanarwar Fadar Sarkin Musulmi kan ganin wata. Editan wani ƙaramin shafin labarai na Hausa ya riga ya rubuta labari biyu ya ajiye, ɗaya na an ga wata, ɗaya na za a cika talatin. Sanarwa na fitowa ya saki wanda ya dace, ya jefa linkinsa a Facebook da zaurukan WhatsApp, ya gyara zama yana jiran masu karatu.

Masu karatu kam sun zo. Sai dai abin da suka tarar farin shafi ne da lamba 508, a ƙarƙashinta an rubuta "Resource Limit Is Reached". Wasu suka ce ai netwok ne, suka kashe data suka kunna. Wasu suka yi ta dannawa ba ƙaƙƙautawa, ba su san kowane dannawa ƙarin kaya ne a kan na'urar da ta riga ta durƙushe ba. Kafin shafin ya dawo hayyacinsa, jama'a sun samu labarin a wani wuri, har an koma zancen tela da kitson Sallah.

Washegari saƙo ya iso daga kamfanin da ke ba shafin masauki: kun wuce iyakar ƙarfin firosesa da aka ware muku, ko ku koma tsari mai tsada ko a dakatar da ku.

Duk wanda ya taɓa riƙe shafin labarai, ko na waƙoƙin Kannywood, ko na littattafan Hausa, ko na makarantar da ke fitar da sakamakon jarrabawa, ya san irin wannan dare. Ranar zaɓe ma haka take, ranar da JAMB ta saki sakamako ma haka. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a mafi yawan lokuta ba yawan masu karatu ne ke kayar da shafin ba. Aikin banza ne da na'urar ke ta maimaitawa, kuma kaso mai tsoka na aikin ba ma don 'yan Adam ake yin sa ba.

Ba a ajiye shafin yake ba

Mutane da yawa sun ɗauka shafin intanet a rubuce yake a ajiye, idan ka danna sai a miƙo maka. A farkon zamanin intanet haka abin yake. Yanzu kuwa yawancin shafuka an gina su ne a kan manhajojin sarrafa rubutu, waɗanda ke ba wanda bai san harshen kwamfuta ba damar shiga ya rubuta labari, ya ɗora hoto, ya wallafa. Akwai Drupal da ta fito a 2001, akwai Joomla ta 2005, amma WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da ita a 2003, ita ce ta mamaye kasuwa. Sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke.

Sauƙin nan yana da farashi. Duk lokacin da wani ya danna labari, sai saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta wadda wasu ke kira uwar garke, ta tayar da harshen PHP. Shi kuma ya loda WordPress ɗin, ya loda rigar shafin, ya loda duk filogin da aka kunna, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi, sannan ya shiga aika tambayoyi rumbun bayanai na MySQL: mene ne taken labarin, wa ya rubuta, waɗanne labarai ne za su fito a gefe. Tambayoyin kan kai gommai, a shafin da aka cika wa kaya ma su kai ɗaruruwa. Idan ya gama haɗa shafin ya miƙa, sai ya watsar da aikin. Mai karatu na gaba ya zo, a sake daga farko.

Tamkar mai shayi ne da ba shi da tukunyar ruwan zafi a gefe, duk wanda ya zauna sai ya hura wuta ya dafa masa kofi guda. Da mutum biyar ba a gane aibinsa. Ranar da motar 'yan kasuwa ta sauke fasinjoji a gabansa ne asirinsa ke tonuwa.

Na'urar da ke wannan aiki na haɗa shafi ita ce firosesa, wadda ake taƙaita sunanta da CPU. A tsarin masauki na haɗaka, wanda shi ne mafi araha kuma shi yawancin ƙananan shafuka ke amfani da shi, ɗaruruwan shafuka ne ke kan saba guda. Don kada ɗaya ya cinye rabon saura, kamfanoni da yawa suna amfani da manhajar CloudLinux, wadda ke yanka wa kowa iyaka: ga ƙarfin firosesarka, ga ma'adanarka, ga kuma adadin buƙatun da za a yi maka aikinsu a lokaci guda, galibi ashirin ko talatin a tsari mai araha. Idan guraben suka cika, lamba 508 ce ke tarbar mai zuwa.

Wannan adadi ba yawan masu karatu yake nufi ba, kuma a nan ne lissafin yake. Idan haɗa shafi guda yana ɗaukar kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, a lissafin takarda gurbi ashirin za su sallami mutum ɗari a kowace daƙiƙa. Idan kuwa yana ɗaukar daƙiƙa huɗu, mutum biyar kacal za su sallama. Saba ɗaya ce, kuɗi ɗaya aka biya, amma bambancin ninki ashirin ne.

Tallan nan na "babu iyaka" da ake gani a shafukan kamfanonin masauki kuwa, wurin ajiya da yawan data yake nufi. Iyakar firosesa tana can cikin ƙananan rubutun yarjejeniya da ba wanda ke karantawa.

Kafin a kashe ko sisi

Masu gyaran da suka san aikinsu ba sa fara taɓa komai sai sun duba abu biyu.

Na farko shi ne jadawalin amfani da ƙarfin saba, wanda ke cikin cPanel, wato allon sarrafa masauki, a yawancin kamfanoni. Siffar zanen kaɗai tana ba da labari. Idan yana tashi sama ne daidai lokacin da aka saki labari, matsalar ta rashin ajiyar shafuka ce. Idan a sama yake tsaye har ƙarfe uku na dare lokacin da masu karatu ke barci, to ba mutane ba ne, ko bot ne, wato manhajar da ke buɗe shafuka da kanta, ko cuta. Idan kullum a sa'a guda yake tashi, akwai wani aiki da aka tsara wa lokaci, kamar kwafin ajiya ko binciken tsaro. Idan kuma sai ma'aikata sun shiga ɗakin rubutu yake hawa, a nemi matsalar a can.

Na biyu shi ne kundin shige da fice na saba. Kowane layi a cikinsa yana nuna adireshin wanda ya zo, da lokacin, da shafin da ya nema, da sunan da ya kira kansa. Ba shi da daɗin karantawa, amma ba ya ɓoye kowa. Google Analytics, wanda masu shafuka suka fi dogara da shi, yawanci waɗanda suka buɗe shafi da burauza kawai yake ƙirgawa, mafi yawan bot ba sa fitowa a cikinsa. Shi ya sa za ka ji mai shafi yana rantsuwa cewa mutum talatin ne kawai a kan shafinsa amma an ce ya cinye firosesa. Shi da kamfanin duk gaskiya suke faɗa, kowa abin da yake kallo daban.

Wanda ke da saba tasa ta kansa yana da ƙarin hanya. Umarnin top ko htop zai nuna masa nan take ko PHP ne ke cin ƙarfin, ko MySQL, ko kuma wani baƙon suna da bai san da zamansa ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a canza abu biyar lokaci guda cikin firgici. Idan shafin ya gyaru ba a san me ya gyara shi ba, idan ya ƙara lalacewa ba a san me za a mayar ba. A yi kwafin ajiya tukuna, a canza abu ɗaya, a duba jadawali, sannan a matsa gaba.

Wutsiyar da Facebook ke liƙawa

Maganin maimaita aiki sananne ne, kuma kyauta ne: a haɗa shafi sau ɗaya, a ajiye kwafinsa, a riƙa miƙa wa duk wanda ya zo ba tare da an tayar da PHP ba. Wannan ajiya ita ake kira kash. Filogin irin su WP Super Cache da W3 Total Cache da LiteSpeed Cache duk aikinsu ke nan. Shafin labarai da aka saita wa kash yadda ya kamata yana iya ɗaukar cincirindon da zai kayar da shi sau goma ba tare da ita ba.

Sai dai sanya filogin ɗin daban, yin aikinsa daban. Ga wani tarko da ya fi kama shafukan Hausa, domin mafi yawan masu karatunsu daga Facebook suke shigowa. Tun wajen ƙarshen 2018 Facebook ke liƙa wata doguwar wutsiya mai farawa da fbclid a ƙarshen linkin da aka danna daga cikinsa, kuma wutsiyar ba iri ɗaya ba ce ga kowa. Kash ɗin da ba a gaya wa ta yi watsi da wannan wutsiya ba, sai ta ɗauka kowane mai karatu wani sabon shafi ya nema, ta tura shi a haɗa masa daga farko. Mai shafi ya gwada daga kwamfutarsa ya ga komai na gudu, amma dubban da suka biyo ta Facebook ba wanda ya amfana. Wasu filogin ɗin sun zo da gyaran a cikinsu, wasu sai an shiga an rubuta musu fbclid da gclid da masu farawa da utm a jerin abubuwan da za su ƙyale.

Tarko na biyu ya fi wannan ban haushi. An saita wasu shafukan ta yadda duk lokacin da aka wallafa sabon labari ko aka gyara harafi ɗaya, sai a share ajiyar shafin gaba ɗaya. Wato a daidai daƙiƙar da aka saki labari mai zafi, lokacin da aka fi buƙatar kash, a lokacin ne babu komai a cikinta. Edita ya hango kuskure a take ya gyara, an sake sharewa. Abin da ya dace shi ne a share labarin da aka taɓa da shafin farko da sashensa kawai.

Sai batun Cloudflare, kamfanin da ke tsayawa tsakanin shafi da masu karatu, wanda ke da cibiyoyi a birane da yawa na duniya har da Legas, kuma yana da tsarin kyauta. Mutane da yawa suna haɗa shafinsu da shi su ɗauka magana ta ƙare. Alhali a saitinsa na asali hotuna da fayilolin ado kawai yake ajiyewa, jikin labarin kuwa sai ya koma saba ya karɓo, sai fa idan an kafa masa ƙa'idar ajiye shi. Gwajin ba wuya: a buɗe labari ba tare da an shiga a matsayin ma'aikaci ba, a duba bayanan da saba ta maido a kayan binciken burauza. Idan an ga kalmar HIT, daga ajiya ya fito. Idan kullum MISS ko DYNAMIC ake gani, har yanzu aikin nan ake ta maimaitawa.

Kuma kada a haɗa filogin kash biyu a shafi guda. Faɗa suke yi.

Baƙin da ba mutane ba

Rahotannin shekara-shekara na kamfanin tsaro na Imperva sun daɗe suna nuna cewa kusan rabin zirga-zirgar intanet ba ta 'yan Adam ba ce, ta bot ce, wato manhajojin da ke yawo suna buɗe shafuka da kansu. Wasu dole ne a bar su. Idan aka hana Googlebot shiga, shafi zai ɓace daga binciken Google. Wasu kuma, kamar AhrefsBot da SemrushBot, bayanai suke tarawa don sayar wa 'yan kasuwar talla, mai ƙaramin shafin Hausa ba abin da yake samu daga ziyararsu.

Daga 2023 zuwa yau wasu sababbi sun shigo da ƙarfinsu, wato masu kwashe rubutu don horar da ƙirƙirarriyar basira, irin su GPTBot da ClaudeBot da Bytespider. A watan Afrilun 2025 gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, ta bayyana cewa datar da ake ja wajen sauke hotuna da bidiyo daga rumbunta ta ƙaru da kusan rabi tun farkon 2024, kuma kusan kashi biyu cikin uku na zirga-zirgar da ta fi ci mata kuɗi daga bot take. Idan Wikipedia ta koka, ina ga shafin da ke biyan kuɗin masauki da abin da ya samu daga talla?

Dalilin da ya sa bot ya fi mutum tsada shi ne inda yake zuwa. Mutane labarin yau suke karantawa, wanda ke cikin kash. Bot kuwa sai ya bi kowane lungu: labarin shekara shida da ta wuce, shafi na 400 na wani sashe, jerin labaran kowace rana, akwatin bincike. Babu ɗayansu a ajiye, kowanne sai an haɗa shi sabo. Binciken cikin gida na WordPress ma ya fi kowanne nauyi, domin sai ya ratsa rubutun labaran duka yana neman kalma.

Akwai fayil ɗin robots.txt da ake rubuta wa bot inda aka yarda ya shiga da inda ba a yarda ba. Amma roƙo ne, ba ƙofa ba ce. Masu mutunci suna bi, marasa shi su wuce abinsu, wasu ma su ɓad da kama su kira kansu Chrome. A watan Yulin 2024 Cloudflare ya fito da maɓalli guda na toshe masu kwasar rubutu don ƙirƙirarriyar basira, har ga masu tsarin kyauta.

A nan ra'ayi ya rabu tsakanin masu shafukan Hausa. Wasu na ganin rubutun Hausa a intanet bai taka kara ya karya ba, idan aka toshe waɗannan bot ɗin, na'urorin gobe za su tashi ba su iya harshenmu ba. Wasu kuma na cewa ba adalci ba ne su yi wahalar rubutu, su biya kuɗin saba, wani ya kwashe kyauta har ya kayar musu da shafi a kan hanya. Kowanne yana da hujja. A ganina ba sai an zaɓi ɗaya ba: ana iya barin bot ya karanta labarai amma a ƙayyade masa gudu, a kuma rufe masa akwatin bincike da jerin kwanaki, inda nan ne ɓarnar take.

Gargaɗi ɗaya ga masu saurin toshewa. Kamfanonin waya suna haɗa dubban masu amfani da data a kan adireshi guda, don haka adireshin da ka ga ya nemi shafi sau dubu yana iya zama jama'ar unguwanni ne a Kano ko Maraɗi, ba ɓarawo ba. Haka nan toshe ƙasa sukutum. Mai karanta Hausa yana Saudiyya, yana Sudan, yana Kumasi da Yawunde.

Masu gwada makulli

Wani nau'in baƙin ba karatu ya kawo su ba. Idan kundin shige da fice ya cika da wp-login.php ko xmlrpc.php, masu kutse ne ke cankar kalmar sirri. Ba sabon abu ba ne. A watan Afrilun 2013 an yi amfani da kwamfutoci kusan dubu 90 wajen kai wa shafukan WordPress farmaki, suna gwada sunan "admin" da kalmomin sirri na gama-gari. A 2014 kuma aka yi amfani da xmlrpc.php na shafuka sama da dubu 160 wajen yi wa wani shafi ruwan buƙatu har ya faɗi, masu shafukan ba su ma san da su aka yi yaƙin ba.

Ko ba su samu shiga ba, kowane gwaji sai ya tayar da PHP. Shi ya sa filogin tsaro kaɗai ba ya rage nauyin sosai, domin shi ma sai PHP ya tashi yake aiki. Tarewa a bakin ƙofa, wato a Cloudflare ko a saitin saba, ta fi. Kafin a rufe xmlrpc.php dai a tabbatar ba a amfani da Jetpack ko manhajar WordPress ta waya, domin ta nan suke bi.

Filogin, da kayan arahar da ke zama tsada

An saba cewa yawan filogin ne matsala. Ba lallai ba. Shafi mai filogin talatin marasa nauyi yana iya fin mai biyar gudu, idan ɗaya cikin biyar ɗin mugu ne. Waɗanda aka fi kamawa da laifi su ne masu ƙirga sau nawa aka karanta labari, domin sai sun rubuta a rumbun bayanai a kowace ziyara, da masu lalubo labarai masu alaƙa, da masu bin linki suna duba wanda ya mutu. Akwai manyan kamfanonin masauki da suka haramta irin waɗannan a sabobinsu kwata-kwata. Filogin ɗin Query Monitor yana nuna wace tambaya ce ke jan lokaci da kuma wanda ya aiko ta. Idan babu shi, sai tsohuwar hanya: a kashe su ɗaya bayan ɗaya ana kallon jadawali.

Shafukan sauke waƙoƙi da karatun tafsiri suna da tasu matsalar. Idan fayil ɗin sauti yana bi ta cikin PHP don a ƙirga masu saukewa, gurbin nan yana iya zama a riƙe har sai an gama saukewa. Mutum ashirin masu raunin netwok sun isa su toshe shafin ga kowa. Manyan fayiloli wurin ajiya daban ya kamace su.

Sai kayan sata. Riga ko filogin da ake sayarwa dala hamsin ko sittin, sai ka ga wani yana raba shi kyauta a Telegram, ko magini ya sanya wa mai shafi ba tare da ya gaya masa ba. A 2019 kamfanin Wordfence ya bayyana cewa cutar WP-VCD, wadda ke cikin mafiya yaɗuwa a shafukan WordPress a lokacin, ta irin waɗannan kaya take shiga. Kayan halal ma idan ba a sabunta su ba ƙofa ne. A watan Satumban 2020 an gano ɓaraka a filogin ɗin File Manager da ke kan shafuka kusan dubu 700. A 2018 kuma, bayan wata babbar ɓaraka a Drupal, masu kutse sun riƙa dasa manhajar haƙar kuɗin kirifto na Monero a sabobin mutane. Firosesa ta tsaya cak a kashi ɗari dare da rana, mai shafi na biya, wani na kwasar riba. Alamomin irin wannan cuta su ne sabon ma'aikaci da ba ka san shi ba a jerin masu iko, ko fayil ɗin PHP a cikin jakar hotuna, inda ba shi da dalilin zama.

Ƙananan ɓeraye

Saura ƙanana ne, amma idan suka taru suna ci. WordPress ba shi da agogon kansa, sai ya riƙa duba ayyukan da aka tsara ta fayil ɗin wp-cron.php idan baƙo ya shigo. A shafi mai cunkoso gara a kashe wannan a mayar da aikin ga agogon saba, ya riƙa tashi duk minti goma ko sha biyar. Tun 2013 kuma akwai tsarin Heartbeat, wanda ke sa shafin rubutu tuntuɓar saba a kai a kai, har duk daƙiƙa 15. Ma'aikata shida, kowa ya bar tagogi huɗu a buɗe ya tafi masallaci, ka ga aiki ya samu.

Rumbun bayanai ma yana tara shara: tsofaffin kwafin kowane gyara, da saitin filogin da aka cire tun tuni amma har yanzu ana loda shi a kowace ziyara. Daga fitowar WordPress 6.6 a 2024, sashen duba lafiyar shafi yana gargaɗi idan irin wannan kaya ya yi yawa. Sannan sigar PHP. Ta 7 da ta fito a ƙarshen 2015 ta kusan ninka ta 5.6 gudu, ita kanta 7.4 an daina kula da tsaronta tun Nuwamban 2022, amma har yau akwai shafukan da ke kanta ko ƙasa da ita.

Laifin wa?

Kamfanonin masauki suna cewa ba mugunta ba ce, idan suka ƙyale shafi ɗaya ya cinye firosesa, ɗaruruwan maƙwabtansa ne za su kwana a ƙasa. Gaskiya ne. Amma masu shafuka su ma suna da ƙorafi mai tushe: amsar farko da ake ba su kusan kullum ita ce su ƙara kuɗi, ba tare da an nuna musu abin da ke cin ƙarfin ba, alhali bayanan suna hannun kamfanin.

Maginan shafuka kuma na kukan cewa ana biyansu kuɗin gini ne sau ɗaya, ba wanda ke son biyan kuɗin kulawa, sai shafi ya faɗi a kira su da tsakar dare. Su ma ba a rasa su da nasu. Akwai wanda zai cika shafi da kayan ado masu nauyi don ya burge mai shi ranar miƙawa, ya riƙe kalmomin sirri a hannunsa, daga baya a neme shi a rasa.

Abin da ya ƙara wa maganar zafi a Najeriya shi ne canji. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ke biyan masauki da dala ya ga kuɗin ya ninka fiye da sau uku ba tare da an ƙara masa komai ba, kamfanonin gida ma da dala suke biyan lasisin cPanel da CloudLinux. Shawarar "ku koma babban tsari" da a da ake bi ba dogon tunani, yanzu tana iya cinye kuɗin tallan wata guda.

Ba a ce ƙarin ƙarfi ba ya da rana ba. Shafin da mutane ke shiga da sunansu, kamar kantin WooCommerce ko na duba sakamakon ɗalibai, ba a iya ajiye masa shafi guda a raba wa kowa, domin abin da kowa zai gani daban ne. Irin wannan idan ya girma dole ya koma saba mai ƙarfi, a haɗa masa da Redis don rage wa rumbun bayanai tambayoyi. Sai dai mai komawa saba tasa ta kansa ya sani cewa a tsari mai araha ba wanda zai sabunta masa ita ko ya tsare ta, shi ne mai gadi shi ne makanike. Kuma idan bot ne ko cuta ke cin firosesar, za su bi shi can su ci wadda ta fi girma.

Don haka, mai shafi, ranar da saƙon nan na kamfanin masauki ya iso, kada ka fara da tura kuɗi. Ka nemi kamfanin ya ba ka jadawalin amfani na mako guda, da kundin shige da fice na sa'o'in da abin ya faru, da jerin tambayoyin da suka fi jan lokaci a rumbun bayanai. Haƙƙinka ne, shafinka ne. Idan kuma har yau kalmar sirrin cPanel da ta sunan shafinka suna hannun wanda ya gina maka, ka karɓe su a wannan makon, tun kafin wani daren ganin wata ya zagayo.